Blood Bath na 1966: tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin da aka ɗinka da ƙyallen wani fim

Masu sha'awar tsofaffin fina-finan ban tsoro da suka ci karo da wannan fim kusan tambayoyi iri ɗaya suke fitowa da su, kuma yawancinsu da "wai me ya sa" suke farawa. An tattara su a nan, daga na wanda bai taɓa jin sunansa ba zuwa na wanda ya kalle shi sau uku yana neman inda aka yi faci.

Wane fim ne wannan, kuma me ya sa har yau ake maganarsa?

Blood Bath fim ne na ban tsoro, mai hoto baƙi da fari, wanda kamfanin American International Pictures ya fitar a gidajen sinimar Amurka a shekarar 1966. Tsawonsa bai wuce kimanin minti 62 ba. A rubuce daraktoci biyu ne suka yi shi, Jack Hill da Stephanie Rothman, amma ba tare suka yi aikin ba: ɗaya ya gama nasa ya tafi, sannan ɗayar ta zo ta warware abin da ya ɗinka. Mai kuɗin da ke bayansu duka shi ne Roger Corman.

Ba don ya yi fice wajen tsoratarwa ake tunawa da shi ba. Dalilin shi ne asalinsa wani fim ne daban, na ɓarayin zane, da aka ɗauka a 1963 a Yugoslabiya, wata tsohuwar ƙasa a kudu maso gabashin Turai, aka yi ta yanka ana ƙari har ya rikiɗe ya zama labarin mai shan jini a Kaliforniya. Duk wani abin da ya ɗaure maka kai a cikinsa, in ka bi sawu za ka tarar da wata shawara ta kuɗi a gindinsa.

Labarin me yake bayarwa?

Antonio Sordi, wanda William Campbell ya fito a matsayinsa, mai zane ne da ya yi suna da zanen gawarwakin mata jina-jina. Masu saye suna ɗauka basira ce kawai. Ba su san cewa matan da yake zaunarwa don ya zana su yake kashewa ba, sannan ya tsoma gawar a tukunyar narkakken kaki da ke ƙarƙashin ɗakin aikinsa, a gindin wata hasumiyar ƙararrawa. Sordi ya yi imani cewa shi ne kakan kakanninsa ya dawo, wani mai zane Erno Sordi da aka ƙona da ransa ƙarnoni da suka wuce bayan farkarsa Melizza ta kai ƙararsa cewa matsafi ne. Budurwarsa Dorean, 'yar rawa, kamarta ɗaya da Melizza, don mace ɗaya ce ta yi duka biyun, Lori Saunders, wadda aka rubuta sunanta Linda Saunders a fim ɗin.

A gefe guda kuma akwai wani gungun matasa masu zane da ke zaman kashe wando a shagon shan kofi, suna cika baki kan fasaha. Budurwar ɗayansu, Daisy, ita ce ta faɗa hannun Sordi. 'Yar'uwarta Donna ta shiga nemanta, ita ma ta gamu da ajalinta. Da dare kuma Sordi yana rikiɗa ya zama mai shan jini da wata fuska dabam. A ƙarshe gawarwakin da ya lulluɓe da kaki suka tashi, suka jefa shi cikin tukunyarsa. In ka ji labarin kamar an haɗa biyu ko uku wuri guda, ba kunnenka ne ya yi maka gizo ba. Duba amsar da ke kan yawan sauye-sauyen da aka yi masa.

Wane ne Roger Corman, kuma me ya kai shi Yugoslabiya?

Corman, wanda aka haifa a 1926 ya rasu a watan Mayun 2024 yana da shekara 98, shi ne uban masu fim da ƙaramin jari a Amurka. Fim ɗin da wani zai ɗauki wata uku yana yi, shi cikin mako ɗaya ko biyu ya gama. Ya kan ɗauko yara sababbin fita daga makaranta, ya biya su abin da bai taka kara ya karya ba, ya sakar musu kyamara su koya a kan aiki. Francis Ford Coppola, Martin Scorsese, Peter Bogdanovich, Ron Howard, James Cameron da Jack Nicholson duk sun bi ta hannunsa. A 2009 aka ba shi kyautar Oscar ta girmamawa.

A farkon shekarun 1960 yana yawan aiki a Turai, inda kuɗin ma'aikata da na wurin ɗauka ya fi sauƙi. Yugoslabiya ta zamanin shugabanta Tito, duk da gurguzu take bi, ƙofarta a buɗe take ga masu fim na Yamma saboda tana son kuɗin waje. A nan Corman ya samu labarin wani fim da kamfanin Avala Film na Belgrade ke shirin ɗauka. Ya zuba dala 20,000 domin ya mallaki haƙƙin nuna shi a Amurka, da sharaɗin a sa masa jarumai biyu masu jin Turanci, William Campbell da Patrick Magee, waɗanda ba su daɗe da gama yi masa aiki a The Young Racers da Dementia 13 ba. A lissafinsa, da kuɗin da ba zai isa ɗaukar rabin fim a Hollywood ba zai samu cikakken fim mai ɗauke da tsohon birnin Turai na gaske.

Shi asalin fim ɗin na ban tsoro ne?

Ko kusa. Operacija Ticijan, wanda aka fi sani da Operation Titian, fim ne na 'yan sanda da ɓarayi, kuma Radoš Novaković ne ya ba da umarni. A Dubrovnik aka ɗauke shi, tsohon birni mai ganuwar dutse a bakin tekun Adriyatik, wanda yanzu yake cikin ƙasar Kuroshiya. Labarin ya ta'allaƙa ne a kan wani zane da ake dangantawa da Titian, shahararren mai zanen nan na birnin Venice da ya rasu a 1576, da kisan dattijon da ke ajiye da shi. Campbell mai zane ne a ciki, Magee kuma baƙo ne mai mugun nufi da ya sauka a garin. Babu mai shan jini, babu tukunyar kaki, babu gawa mai tashi.

Da aka kai wa Corman ya kalla, sai ya ce wannan ba zai sayu a sinimar Amurka ba. Matasan da ke cika gidajen kallon da yake kai wa kaya ba su zo ganin sufeto yana yi wa mutane tambayoyi ba. Amma akwai abin da ya gani ya kasa haƙura da shi: hotunan dare na lungunan Dubrovnik, inuwar mutum mai malafa tana tafiya a jikin bangon dutse, da hasumiyar ƙararrawa. Waɗannan hotunan ne suka tsira har zuwa ƙarshe, bayan an watsar da kusan duk sauran.

Sau nawa aka sake shi? Wasu na cewa huɗu, wasu na cewa biyar.

Duka biyun suna da hujja. Huɗu ne ake iya kallo, na biyar ɗin kuma an yi shi amma bai taɓa fita ba. Na farko shi ne Operation Titian na 1963. Na biyu Portrait in Terror, wanda shi ne dai na farkon aka rage masa wasu wurare, aka ƙara wasu 'yan fitowa, aka sauya sauti, aka sayar wa gidajen talabijin. Sunan ne kawai na ban tsoro, cikinsa har yanzu labarin ɓarayin zane ne.

Na uku shi ne wanda Jack Hill ya haɗa a 1964, mai labarin mahaukacin mai zane da ke kashe mata. Shi ne wanda ba a fitar ba. Na huɗu shi ne Blood Bath da aka nuna a sinima a 1966, bayan Stephanie Rothman ta shigar da mai shan jini. Na biyar kuma Track of the Vampire, wato na huɗun da aka ja shi ya kai kusan minti 80 domin talabijin. Ke nan dala 20,000 ɗin nan ta haifi kaya uku da aka kai kasuwar Amurka da sunaye uku.

Me Jack Hill ya ƙara?

Kusan duk abin da mutane ke yabawa a fim ɗin. Hill, abokin karatun Coppola ne a jami'ar UCLA da ke Los Angeles, kuma ya riga ya yi wa Corman irin wannan aikin faci a The Terror na 1963. Umarnin da aka ba shi shi ne ya tsamo abin da zai tsamu daga fim ɗin Yugoslabiya ya gina na ban tsoro a kai. Sai ya ɗauki abu ɗaya da ke hannu, wato Campbell mai zane ne, ya mayar da shi ginshiƙi. An dawo da Campbell don sababbin fitowa, kuma ya tsaya kai da fata sai an biya shi da tsoka, abin da bai yi wa Corman daɗi ba amma ya biya.

Ɗakin aikin Sordi, tukunyar kaki, kisan Daisy da ƙaramin gatari, duk na Hill ne. Haka ma 'yan shagon kofi, inda Karl Schanzer da Sid Haig suke. Wurin da aka fi dariya shi ne inda Max, saurayin Daisy, ya ɗura fenti a bindiga ya harbi zane, abokansa suka kewaye suna jinjina kai wai an buɗe sabon babi a duniyar fasaha. Wannan shaguɓe ga masu zanen zamani ba sabo ba ne a gidan Corman. A 1959 shi da kansa ya yi A Bucket of Blood, inda wani yaron shagon kofi ke lulluɓe gawa da yumɓu ana yaba masa a matsayin gwanin sassaƙa. Hill tsohuwar hanya ya bi, sai dai ya fi ta duhu.

Corman bai gamsu da abin da ya gani ba, Hill kuma ya wuce zuwa nasa fim ɗin, Spider Baby. Aka ajiye gwangwanayen fim ɗin a kan kanta.

Me ya sa mai shan jinin bai yi kama da Sordi ba ko kaɗan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsarta ita ce zuciyar labarin duka. Lokacin da aka miƙa wa Rothman aikin, aka yanke shawarar a mayar da makashin ya zama mai shan jini, sai aka nemi Campbell ya sake dawowa karo na uku. Ya ce a kai kasuwa. Ga sababbin fitowa na kisa da za a ɗauka, ga jarumi babu.

Abin da aka yi shi ne aka ɗauko wani mutum dabam, wanda ko sunansa ba a rubuta a fim ɗin ba, aka sa masa baƙar riga da malafa da haƙoran roba, aka shigar da bayani cikin labarin cewa idan ƙishin jini ya taso wa Sordi kamanninsa gaba ɗaya suke canzawa. Wato siddabarun rikiɗa da ke cikin labarin ba daga tunanin marubuci ya fito ba, daga ƙin dawowar jarumin ya fito. Malafa da doguwar rigar su ma suna da aiki: su ne ke sa sabon mutumin ya dace da inuwar da aka ɗauka a Dubrovnik shekaru kafin nan, wadda asalinta inuwar wani mugu ce a fim ɗin ɓarayi.

Matsalar da hakan ya bari ba ta ɓuya. Sordin Hill da hannu yake kisa, don zane, kuma yana adana gawa cikin kaki. Sordin Rothman cizon wuya yake yi ya bar gawa a inda ta faɗi. Mutum ɗaya, sana'ar kisa biyu, kuma fim ɗin bai taɓa tsayawa ya daidaita su ba.

Mai shan jinin nan shi ne abin da muke kira maye?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake masu fassara kan yi amfani da kalmar don sauƙi. Maye a wurinmu rayayyen mutum ne da ake zargi da kama kurwa. Na tatsuniyar Turai, musamman ta gabashinta, matacce ne da ke fitowa daga kabari da dare ya tsotsi jinin masu rai ta wuya. Na Blood Bath ma bai cika wannan ƙa'idar ba, domin Sordi rayayye ne mai yawo da rana tsaka har bakin teku. Ya fi kama da wanda ruhin kakansa ke hawa kansa.

To wa za a ce shi ne daraktan na gaskiya? Da gaske Rothman ce ta ɓata shi?

Hill ya sha faɗa a hirarraki cewa ƙarin mai shan jinin ya lalata masa fim. Masu kallo da yawa sun bi bayansa, kuma gaskiya ne cewa fitowar da ta fi ƙarfi a fim ɗin tasa ce. Amma a ganina an yi wa Rothman rashin adalci. Ba ita ta ajiye aikin Hill a kan kanta ba, mai kuɗin ne. An ba ta fim ɗin da aka riga aka ƙi, ba jarumi, kuɗi kaɗan, aka ce ta fito da abin da zai sayu, kuma nata ne ya kai ga allon sinima. Wurin da mai shan jinin ya bi Donna, wadda Sandra Knight ta fito a matsayinta, cikin taron masu shagali har kan lilon dawakai mai juyawa, kowa na dariya ba wanda ya lura ana kashe ta, ba aikin wanda bai iya ba ne.

Rothman ta yi karatun fim a jami'ar Kudancin Kaliforniya, ta fara a matsayin mataimakiyar Corman, a lokacin da mata masu ba da umarni a Hollywood ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Daga baya ta yi The Student Nurses a 1970, wanda ya kawo wa sabon kamfanin Corman kuɗi sosai, da The Velvet Vampire a 1971, inda ta samu damar yin labarin mai shan jini yadda take so tun daga tushe. Hill shi ma ya yi suna da Coffy a 1973 da Foxy Brown a 1974. Tunda nasa Blood Bath ɗin bai taɓa fita ba, duk mai cewa ya fi kyau yana yabon abin da bai gani ba ne.

Ta yaya zan gane inda aka yi ɗinkin, wane hoto ne na Dubrovnik, wane ne na Amurka?

Ka lura da ƙasa da bango. Inda ka ga titi shimfiɗe da dutse mai sheƙi, matattakala masu tsawo, lunguna matsattsu da gine-ginen da suka haura shekara ɗari biyar, Dubrovnik ce. Inda ka ga baranda mai ginshiƙai a bakin titin kwalta, ko rairayin bakin teku mai faɗi, to Venice ce ta Kaliforniya, wata unguwa a Los Angeles da wani attajiri Abbot Kinney ya gina a 1905 yana kwaikwayon Venice ta Italiya. Zuwa shekarun 1960 unguwar ta tsufa ta lalace, haya ta yi araha, masu zane da mawaƙa suka cika ta. Hill ya zaɓe ta ne don ginshiƙanta na iya wucewa a matsayin Turai idan dare ya yi. Darakta Orson Welles ma a can ya ɗauki Touch of Evil na 1958, ya ce garin kan iyakar Meziko ne.

Dabarun haɗin ba su da yawa. Hoto baƙi da fari yana rufa asiri fiye da mai launi, dare kuma ya fi rana. Za a nuna mace a Kaliforniya ta waiga a tsorace, a yanka zuwa inuwa a bangon Dubrovnik, ƙwaƙwalwar mai kallo da kanta za ta haɗa su a titi ɗaya. Masu fim na Rasha, irin su Lev Kuleshov, sun gwada wannan tun shekarun 1920 suka tabbatar yana aiki. Sai kuma ɗaukar wani ta baya a madadin jarumi, da ɗora sabuwar murya a kan tsohon hoto. Abin mamaki, a wanda aka nuna a sinima, abin da ya rage na fim ɗin Yugoslabiya 'yan mintoci ne kawai. Riga ce da faci ya cinye ta har asalin yadin ya koma bakin aljihu.

Mene ne labarin doguwar rawar nan ta bakin teku?

In ka ga Dorean tana rawa ita kaɗai a kan rairayi minti bayan minti, ba magana, ba abin da ke faruwa, to Track of the Vampire kake kallo, ba Blood Bath na sinima ba. Gidajen talabijin na lokacin suna sayen fina-finai ne a dunƙule don cike gurbin awa ɗaya da rabi, tare da tallace-tallace. Fim mai minti 62 ya yi kaɗan. Sai aka koma aka nemo abin cikawa: rawar da ta kai kimanin minti shida, doguwar tsere inda mai shan jinin ke bin wata mata har cikin ruwa, da wasu fitowa da aka kwaso daga fim ɗin asali.

Wasu masu kallo suna cewa rawar tana da wani daɗi irin na mafarki. Ni dai na ga awo ne ake cikawa, kamar mai sayar da hatsi da ya ga mudu bai cika ba.

Ina Patrick Magee ya shiga? Na ga sunansa a wasu bayanai amma ban gan shi sosai ba.

Ya danganta da wanda ka kalla. A Operation Titian da Portrait in Terror yana cikin manyan jarumai. A Blood Bath na sinima an yanke shi kusan gaba ɗaya. A Track of the Vampire an dawo da wasu fitowarsa, amma da sabuwar magana a bakinsa, ya tashi daga ɓarawon da ya zo satar zane ya koma miji mai kishi da ke bin sawun matarsa 'yar rawar kulob. Mutumin nan babban ɗan wasan daɓe ne daga Arewacin Ailan, wanda daga baya ya fito a A Clockwork Orange na 1971, amma a nan an mayar da shi wani mutum dabam ba tare da ya taka ƙafa wurin ɗauka ba.

Da gaske akwai hannun Francis Ford Coppola a ciki?

Akwai, amma kaɗan, kuma a matakin farko kawai. Corman ya tura shi Yugoslabiya ya sa ido kan rubutun labarin da maganganun Turanci, don fim ɗin ya shiga kunnen Amurkawa. Yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, kusan shekara goma kafin The Godfather na 1972. Ba shi da hannu a aikin Hill ko na Rothman. Shi ma ya taɓa yin irin wannan facin: shi ya sake tace wani fim ɗin sararin samaniya na Tarayyar Sobiyet, Nebo Zovyot na 1959, ya zama Battle Beyond the Sun.

Wannan ba sata ba ce, ko aƙalla yaudarar masu kallo?

Ta fuskar doka ba sata ba ce, domin Corman ya biya kuɗin haƙƙin. Ta fuskar mutunta aikin wani kuwa, akwai magana. Sunan Novaković bai fito a Blood Bath ba, alhali hotunan da suka fi ba fim ɗin kwarjini daga aikinsa aka ɗebo su. Mai kallo kuma zai iya kallon Portrait in Terror yau, gobe ya kunna Track of the Vampire da zaton sabo ne, ya tarar da fuskoki da tituna iri ɗaya.

Sai dai a tuna yadda ake kallon irin waɗannan fina-finai a lokacin. Biyu ake haɗawa a tikiti ɗaya, galibi a filin kallo na cikin mota, inda matasa ke zuwa hira fiye da kallo. Kamfanin yakan fara da suna da hoton talla mai jan ido, fim ɗin ya biyo baya. Blood Bath an haɗa shi ne da Queen of Blood, wanda shi ma faci ne, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan sauran irinsa. Duk wanda ya sayi tikitin daren nan, fina-finan Gabashin Turai ya kalla sanye da rigar Amurka bai sani ba.

Daidai yake da fassarar fina-finan Indiya da ake yi da Hausa?

Sun haɗu a wuri ɗaya: ɗora sabuwar murya a kan hoton da wani ya ɗauka, kuma duk wanda ya saba da fim ɗin fassara ya san yadda mai magana kan sa wa jarumi kalaman da ba su cikin asali. Abin da aka yi wa Magee ke nan. Amma mai fassara yana barin labarin da jerin hotunan yadda suke, kuma mai kallo ya san fim ɗin Indiya yake kallo. A nan an wargaza jerin, an ɗauki sababbin fitowa da suka rinjayi tsofaffin, an canza nau'in fim ɗin ɗungurungum, an kuma ɓoye asalinsa.

Akwai wasu fina-finan da aka yi wa haka?

Da yawa, kuma gidan Corman ne kan gaba. Queen of Blood na Curtis Harrington ya ɗebi hotunan kumbo da na duniyar Mars daga fina-finan Sobiyet masu tsada, ya ɗora labarin wata koriyar mace daga wata duniya da ke shan jinin 'yan sama jannati, da John Saxon da Basil Rathbone da Dennis Hopper a ciki. Wani fim ɗin Sobiyet, Planeta Bur na 1962, sau biyu aka juya shi, a 1965 da 1968. A wajen gidan Corman, Godzilla na Japan na 1954 an saka masa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida kafin a nuna shi a Amurka a 1956. Jerry Warren ya haɗa fina-finan Meziko biyu ya fitar da Face of the Screaming Werewolf. Silent Night, Deadly Night Part 2 na 1987 kuwa, kaso mai yawa na farkonsa fim na ɗaya ne ake maimaitawa da sunan tuna baya.

Wanda ya fi kowanne daraja shi ne Targets na 1968. Corman yana bin Boris Karloff, tsohon jarumin fina-finan ban tsoro, bashin aikin kwana biyu. Corman ya ce wa Peter Bogdanovich ya yi duk fim ɗin da yake so, muddin zai yi amfani da kwana biyun nan kuma ya saka hotuna daga The Terror. Maimakon ya ɓoye facin, Bogdanovich ya fito da shi fili: Karloff ya zama tsohon jarumin fina-finan ban tsoro da ya gaji, The Terror ya zama fim ɗinsa na ƙarshe da ake nunawa a filin kallo, yayin da wani matashi ɗauke da bindiga ke harbin 'yan kallo daga bayan allo. Sharaɗi iri ɗaya da wanda aka gindaya wa Hill da Rothman, sakamako ya sha bamban.

A ina ake samunsa, kuma da wanne ya kamata in fara?

Shekaru da dama Track of the Vampire ne ya fi yawo, a kaset da faifai masu araha marasa kyan hoto, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka shi ne fim ɗin. Wanda ya warware tarihin shi ne mai sharhi Tim Lucas, a jerin rubutun da ya yi a mujallarsa Video Watchdog a farkon shekarun 1990. A 2016 kamfanin Arrow Video ya fitar da duka huɗun a kunshi ɗaya na Blu-ray, tare da bayanin bidiyo na Lucas wanda ya fi Blood Bath ɗin kansa tsawo.

In sau ɗaya za ka kalla, ɗauki Blood Bath na sinima; gajere ne, kuma ba rawar bakin teku. In kana son ganin yadda aka yi aikin, fara da Operation Titian, ka riƙe hoton hasumiyar da inuwar mai malafa a ranka, sannan ka kalli Blood Bath ka ga inda suka sake ɓullowa da wata ma'ana. Portrait in Terror za ka iya tsallake shi in ka ga na farkon. Track of the Vampire ka bar shi ƙarshe, kuma kada hannunka ya yi nisa da madannin turawa gaba.